Dokokin sadarwa da zamani ya wuce: wanne za a goge, wanne za a bari?

A watan Maris na 2025 hukumar da ke kula da harkokin sadarwa a Amurka, wato FCC, ta buɗe wani shiri da shugabanta Brendan Carr ya raɗa wa suna "Goge, Goge, Goge". Hukumar ta ce wa jama'a da kamfanoni kowa ya kawo sunan ƙa'idar da yake ganin ta tsufa ko ta zama kaya a ka, za a duba a soke ta. Bayan 'yan watanni aka fara fitar da waɗanda aka yanke wa hukunci, kuma wasu daga cikinsu abin dariya ne: ƙa'idojin telegiram, na rumfunan wayar jama'a, da na eriyar nan mai ƙaho biyu da ake ɗora wa tsofaffin akwatunan talabijin. Babu wanda ya yi kukan rabuwa da su. Amma ɗaya daga cikin kwamishinonin hukumar, Anna Gomez, ta ƙi amincewa, kuma ba don tana kewar telegiram ba. Hanyar da aka bi ce ta dame ta: a soke ƙa'ida kai tsaye ba tare da an fara sauraron jama'a yadda aka saba ba, sai fa in wani ya yi maza ya shigar da ƙorafi mai ƙarfi. Tsoronta shi ne wuƙar da aka gwada yau a kan mushe, gobe a ɗora ta a wuyan mai rai.

A nan gardamar take, a Amurka da ko'ina. Kowa ya yarda akwai dokokin sadarwa da suka mutu suna jiran a binne su. Rigimar tana wajen tantance wacce ce ta mutu, da wanda zai faɗi haka. A ganina shekarun doka ba su ne ma'auni ba. Akwai dokar da ta haura shekara ɗari kuma har gobe ana bukatarta, akwai wadda tun ranar da aka rubuta ta cuta ce. Abin dubawa shi ne matsalar da aka yi dokar dominta, ko tana nan ko ta kau, da kuma wanda dokar ta ɗaure wa hannu.

Dalilin da ya sa wannan fanni ya fi sauran tara tarkacen doka a bayyane yake. Fasahar tana sauya kama kusan kowace shekara goma, majalisa kuwa sai ta yi shekara talatin ba ta taɓa dokar ba. Babbar dokar sadarwa ta Amurka an yi ta ne a 1934, lokacin da rediyo ke sabon abu, kuma ba a yi mata gagarumin garambawul ba sai a 1996. Indiya ta shiga zamanin wayar salula da intanet tana riƙe da dokar telegiram ta 1885, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari. Sannan ƙara ƙa'ida ya fi cire ta sauƙi. Idan wani abu ya lalace, jami'i ya rubuta sabuwar ƙa'ida, an ga ya yi aiki. Idan ya soke tsohuwa babu mai yaba masa, in kuma wata rana abu ya ɓaci sunansa za a nema. Don haka kowa sai ya bar ta inda ya same ta.

Wani zai ce to mene ne laifin matacciyar ƙa'ida, tunda ba ta cizo? Tana ci, sai dai ba kowa take ci ba. Babban kamfani yana da sashen lauyoyi da aikinsu ke nan, su san wace ƙa'ida ake aiwatarwa, wacce kuma aka manta da ita. Ƙaramin mai samar da intanet da ke da ma'aikata goma ba shi da wannan gata. Shi ne zai zauna da dare yana cike fom ɗin rahoton shekara mai tambayar yawan layukan da bai taɓa mallaka ba, yana tsoron ya bar gurbi a ci shi tara, ko ya biya lauya don kawai a gaya masa cewa wannan shafin bai shafe shi ba. Matacciyar ƙa'ida kuma makami ce a hannun jami'in da ke neman hujjar matsa wa wani, domin dokar da kowa ke karyawa ba tare da sani ba ana iya tayar da ita a kan duk wanda aka ga dama.

Rukunin da ya fi sauƙin sha'ani shi ne dokokin da aka ɗaure da wata na'ura. Bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic a 1912, ƙasashe sun tsaurara dokokin rediyo a teku, kuma iya aika saƙo da alamomin Morse ya zama wajibi ga masu riƙe da na'urar. Dalilin mai ƙarfi ne, domin da waɗannan ɗige-ɗigen ake neman agaji. A 1999 jiragen ruwa suka koma sabon tsarin neman agaji mai amfani da tauraron ɗan'adam. A 2003 taron ƙasashe kan rediyo ya cire sharaɗin Morse ga masu rediyon sha'awa, Amurka ta bi sahu a 2007. Birtaniya ma a 2023 ta sauke wa kamfanonin da ke ɗauke da nauyin kai waya ga kowa wajibcin tabbatar da cewa layinsu na ɗaukar faks. Na'ura ta tafi, doka ta bi ta, babu abin ja.

Rukuni na biyu ne ya cancanci a zauna a kansa, domin a nan ne soke doka ta fi yi wa duniya amfani. Waɗannan su ne dokokin da aka yi da sunan kare jama'a alhali mai babakere suke karewa.

A Amurka, shekaru da dama mutum ba ya mallakar wayar da ke ɗakinsa. Ta kamfanin AT&T ce, haya yake biya, kuma sharuɗɗan kamfanin da hukuma ta amince da su sun hana a maƙala wa layin duk wani abin da ba kamfanin ne ya ƙera ba. Hujjarsu ita ce kayan waje za su lalata layin kowa. Sai ga wani ƙaramin kamfani yana sayar da wani abu mai suna Hush-A-Phone. Ɗan kofi ne kawai da ake maƙala wa bakin wayar, mutum ya cusa leɓensa ciki ya yi magana na kusa da shi a ofis bai ji ba. Ba shi da waya, ba shi da batir, ba ya taɓa wutar layin ko kaɗan. Duk da haka AT&T ya ce haramun ne, FCC kuma ta goyi bayan kamfanin. Sai da magana ta kai kotun ɗaukaka ƙara a 1956 kafin alƙalai suka warware ta da hujjar da ko yaro zai gane: idan mutum yana da 'yancin ya kare bakin waya da tafin hannunsa don kada a ji shi, da wane dalili za a hana shi yin haka da kofi? Kotun ta ce mai layi yana da haƙƙin amfani da wayarsa ta hanyar da za ta amfane shi muddin ba ta cutar da jama'a ba.

Shekara goma sha biyu bayan haka aka yi babban hukuncin. Wani mutumin Tekzas, Thomas Carter, ya ƙera na'urar Carterfone da ke haɗa rediyon oba-oba da layin waya, yadda ma'aikacin da ke can filin haƙar mai zai iya magana da wanda ke gari. AT&T ya yi barazanar yanke layin duk wanda ya yi amfani da ita. A 1968 FCC ta yanke cewa kowa na iya haɗa na'urarsa da layi in dai ba za ta cutar da layin ba. Daga wannan ƙofa na'urar amsa kira ta shigo gidaje, faks ya yaɗu, modem kuma ya samu hanya, kuma da modem ne talakawa suka fara shiga intanet ta layin wayar gida. Da an bar tsohon sharaɗin, da kowane mai ƙirƙira sai ya je neman izini wajen kamfanin da yake shirin yi wa kishiya.

Akwai abin da masu son a goge komai ba sa son ambatawa a wannan labari. Soke haramcin shi kaɗai bai isa ba. AT&T ya koma yana tilasta wa mutane hayar wata na'urar kariya tasa kafin su haɗa kayan waje, abin da ya kusa mayar da hukuncin banza. Sai da hukumar ta zauna a shekarun 1970 ta rubuta sabbin ƙa'idoji, ta fayyace ma'aunin da na'ura za ta cika da irin soket ɗin da za a riƙa amfani da shi, sannan kasuwar ta buɗe da gaske. Wato an cire doka ɗaya da ta ɗaure mai saye, an kafa wata da ta ɗaure mai layi. A 1984 kuma aka raba AT&T ɗin kansa, aka fitar da kamfanonin yanki guda bakwai daga cikinsa.

Wani misalin da nake ganin ya fi kowanne daɗin ji shi ne na 1985. A wancan lokacin ƙa'ida ita ce ba a watsa komai a iska sai da lasisi, hukuma ce ke cewa wannan zangon na wane ne kuma ga abin da zai yi da shi. Akwai wasu zanguna da ake ɗauka juji ne saboda injinan masana'antu da na asibiti da tandun maikirowef sun cika su da hayaniya, ciki har da zangon gigahaz 2.4. Wani injiniyan FCC, Michael Marcus, ya dage a bar mutane su yi amfani da su ba lasisi, da sharaɗin kada ƙarfin na'ura ya wuce wani mizani kuma kowa ya haƙura da katsalandan ɗin maƙwabcinsa. Babu wanda ya san abin da za a yi da wurin a lokacin. A cikin wannan jujin Wi-Fi da Bluetooth suka tsiro. Wannan ne hujja mafi ƙarfi da masu neman sassauci ke da ita: asarar da tsohuwar doka ke jawowa ba a ganin ta, domin abin da ta hana a ƙirƙira bai taɓa zuwa duniya ba balle a yi kewarsa.

Haka abin ya kasance da dokokin da suka ba kamfanin gwamnati shi kaɗai ikon yin waya. Birtaniya ta sayar da hannun jarin British Telecom a 1984. Tarayyar Turai ta buɗe kasuwar wayarta gaba ɗaya daga 1 ga Janairun 1998. Najeriya, wadda layukanta ba su kai rabin miliyan ba a ƙarƙashin NITEL, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowane, yau layukan sun haura miliyan 150. Habasha ta jinkirta har 2021 kafin ta ba ƙawancen da Safaricom ke jagoranta lasisi a kan dala miliyan 850. Sai dai a duk waɗannan wurare, ranar da aka karya babakeren an kafa ko an ƙarfafa hukumar da za ta tsaya tsakanin kamfanoni.

Ƙasar da ta gwada yin abin ba tare da irin wannan hukuma ba ita ce Niyu Zilan, kuma darasinta ya isa a karanta shi a kowace majalisa. A ƙarshen shekarun 1980 ta buɗe kasuwar, a 1990 ta sayar da kamfanin wayar gwamnati mai suna Telecom, ta ce ba ta bukatar hukumar sadarwa ta musamman, dokar gasa ta gama-gari ta wadatar, wanda aka zalunta ya tafi kotu. Sai sabon kamfani mai suna Clear ya shigo. Matsalar sadarwa ita ce sabon shiga ba zai rayu ba sai ya haɗa layinsa da na tsohon, domin babu mai sayen layin da ba ya kiran yawancin mutanen gari. Tsohon kuwa ba shi da dalilin gaggawa. Suka kasa daidaitawa kan kuɗin haɗa layi, aka shiga shari'a tun daga farkon shekarun 1990, aka yi ta ɗaukaka ƙara har zuwa majalisar shari'a ta masarautar Birtaniya a Landan a 1994. Shekarun da ya kamata a yi ana gasar rage farashi, a gaban alƙalai aka yi su. A 2001 ƙasar ta haƙura ta yi sabuwar doka, ta naɗa kwamishinan sadarwa. Ƙa'idar tilasta haɗa layi tsohuwa ce ƙwarai, amma matsalar da ta haife ta ba ta tsufa, domin duk inda aka samu mai riƙe da hanyar da kowa sai ya bi, zai so ya sa shinge.

A fagen rediyo da talabijin lamarin ya fi cakuɗewa, domin a nan ana maganar muryar jama'a ne, ba farashi kaɗai ba. Daga 1949 Amurka tana da ƙa'idar da ta wajabta wa tashoshi su tattauna batutuwan da ake taƙaddama a kansu kuma su ba ɓangarori daban-daban dama. Kotun ƙoli ta tabbatar da ita a 1969 bisa hujjar cewa zangunan watsa shiri kaɗan ne, wanda ya samu ɗaya amana ya riƙe. A 1987 FCC ta daina aiki da ita, tana cewa kafofi sun yawaita, kuma tsoron ƙorafi yana sa tashoshi su guje wa batutuwa masu zafi gaba ɗaya. Har yau ana musu. Wasu na ɗora wa wannan mataki alhakin shirye-shiryen siyasa masu ɓangare ɗaya da suka mamaye rediyon ƙasar. Ni dai ina ganin ba wa jami'in gwamnati ma'aunin auna adalcin labari abu ne mai haɗari a kowace ƙasa, domin ma'aunin yana bin wanda ke kan mulki. Abin dariyar shi ne rubutun ƙa'idar ya ci gaba da zama a cikin kundin hukumar har 2011, shekara 24 bayan an daina aiki da shi, kafin a goge shi tare da wasu ƙa'idoji sama da 80.

Iyakar yawan tashoshin da mutum ɗaya zai mallaka kuwa wata magana ce daban. Kafin 1996 kamfani ba ya wuce tashoshin rediyo 40 a faɗin Amurka. Dokar 1996 ta cire wannan iyaka, kuma cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tashi daga wajen tashoshi 40 zuwa sama da 1,200. Don rage kashe kuɗi aka koma haɗa shirye-shirye a wuri guda ana aika wa garuruwa, mai gabatarwa yana gaishe da garin da bai taɓa takawa ba. A daren 18 ga Janairun 2002 jirgin ƙasa ɗauke da iskar amoniya ya kauce daga dogo kusa da garin Minot a jihar Dakota ta Arewa, gajimaren guba ya lulluɓe unguwanni. Tashoshin rediyon kasuwanci guda shida na garin duk na kamfani ɗaya ne a lokacin, wato Clear Channel. 'Yan sanda suka buga waya tashar da aka ware don sanarwar gaggawa ba su samu mai ɗauka da wuri ba, kiɗa yana ta tashi a iska. Mutum ɗaya ya mutu, ɗaruruwa suka jikkata. Kamfanin ya kare kansa da cewa jami'an garin ne ba su iya sarrafa na'urar sanarwar gaggawa da aka ba su ba, kuma akwai gaskiya a wannan ma. Amma lamarin ya nuna cewa tsohuwar ƙa'idar tana yin wani aiki da ba a rubuta a jikinta ba: tana sa a samu mutane daban-daban a tashoshi daban-daban, in wannan bai ɗauka ba wancan zai ɗauka. A 2017 hukumar ta ƙara soke ƙa'idar da ta wajabta wa kowace tasha ta riƙe babban ɗakin shirye-shirye a yankin da take yi wa hidima.

Irin wannan ɓoyayyen aiki shi ne abin da ke neman tsayar da babban sauyin da ake ciki yanzu, wato kashe tsohon layin jan ƙarfe na wayar girke. Kamfanoni suna da hujja mai kyau. Kayan gyaransa sun yi wuya, injiniyoyin da suka san shi suna ritaya, masu amfani da shi suna raguwa kullum, kuma duk kuɗin da doka ta tilasta a kashe a kansa kuɗi ne da ba a shimfiɗa fayiba, wato sabuwar wayar gilashi mai ɗaukar intanet, da shi ba. Amma tsohon layin yana ɗauke da wutarsa daga ofishin waya, ko an ɗauke lantarki a gida yana aiki. Sabon layin da ke bi ta intanet yana mutuwa tare da wutar gidan in babu batir. A Birtaniya kusan mutum miliyan 2, yawancinsu tsofaffi da masu larura, suna rataye da wani ɗan maɓalli a wuya ko a hannu wanda in sun faɗi za su danna ya kira agaji ta layin gida. A ƙarshen 2023 aka samu rahotannin waɗannan na'urori sun kasa aiki bayan an mayar da masu su sabon layi, gwamnati ta sa kamfanoni suka dakatar da tilasta sauyin, kamfanin BT, wato British Telecom, kuma ya ɗage wa'adin rufe tsohon layin daga ƙarshen 2025 zuwa Janairun 2027. Babu wanda ke cewa a riƙe jan ƙarfe har abada. Abin da ya kamata a ɗauko daga tsohuwar dokar shi ne alƙawarin da ke cikinta, cewa mai neman agaji zai samu layi, a ɗora shi a kan sabuwar fasahar kafin a tsinke tsohuwar.

Hukumar Ofcom mai kula da sadarwa a Birtaniya ta nuna yadda ake yin wannan tsifar a kan rumfunan wayar jama'a. Ba ta ce a bar su duka ba, ba ta kuma ce a tumɓuke su duka ba. A 2022 ta ce kamfani na iya cire rumfa, amma ban da wadda take inda ba dukkan kamfanonin salula huɗu ne ke da sabis ba, ko wurin da aka san ana yawan haɗari ko kashe kai, ko wadda aka yi kira aƙalla 52 da ita a shekarar da ta wuce. Aikin ya fi goge layi ɗaya a kundi wahala, domin sai an je an ƙirga.

Akwai kuma wani nau'in da ake yi wa kallon sabuntawa alhali tsohon ne ya sake riga. Indiya ta rufe hidimar telegiram a Yulin 2013, amma dokar 1885 ta ci gaba da rayuwa, har da ikon da ta ba gwamnati na tsare saƙo ko sauraronsa da sunan tsaron jama'a. A ƙarƙashin wannan doka aka yi ƙa'idojin 2017 da aka riƙa amfani da su wajen katse intanet a jihohi, abin da ya sa Indiya ta yi shekaru tana kan gaba a duniya wajen yawan katsewa. A Disamban 2023 majalisa ta yi sabuwar dokar sadarwa don maye gurbin ta 1885 da ta na'urorin rediyo ta 1933. Ta sauƙaƙa tsarin lasisi, wannan gaskiya ne. Amma ikon sauraron saƙo da na dakatar da sabis sun tsallako cikin sabuwar lafiya lau. Gwamnatoci suna saurin yafe ƙa'idar da ke wahalar da kamfani, suna nauyin jiki wajen sakin wadda ke ba su iko a kan ɗan ƙasa.

Saboda haka idan aka buɗe ƙofa aka ce kowa ya kawo ƙa'idar da yake son a soke, yana da kyau a duba su wa ke cika layin. Mai amfani da waya ba shi da lokacin karanta kundi mai dubban shafuka. Ƙungiyoyin kamfanoni ne ke da lauyoyin da za su kawo jeri mai tsawo, kuma a cikin jerin ana cakuɗa abubuwa: ga fom ɗin da babu mai karantawa, ga rahoton da aka maimaita sau biyu, sai kuma a tsakiya ga wajibcin bayyana wa mai saye cikakken farashi, ko na ba da rahoton katsewar sabis. Fakewa da guzuma ake yi a harbi karsana. Wannan ba ya nufin a ƙi sauraronsu, domin su suka fi kowa sanin inda takalmin ke matsi. Yana nufin a ɗauki kowace ƙa'ida ita kaɗai, a tambayi wanda zai rasa wani abu in ta tafi, a kuma ba shi isasshen lokacin magana.

Wasu ƙasashen sun nemi maganin tarin tun daga tushe. A Ostireliya yawancin ƙa'idojin da hukumomi ke yi suna mutuwa da kansu bayan shekara goma, sai in an sake duba su an sabunta. Dokar Amurka ta 1996 ta wajabta wa FCC ta riƙa bitar ƙa'idojin kamfanonin waya duk shekara biyu, ta kuma ba ta ikon daina aiwatar da wadda gasa ta sa ba a bukatarta. Dabarar tana da kyau domin tana juya nauyin hujja, mai son doka ta zauna shi ne zai kawo dalili. Rauninta shi ne hukumar da ba ta da isassun ma'aikata sai ta riƙa sabunta komai a dunƙule ranar da wa'adi ya cika. Kuma yawan juya doka shi ma cuta ne. Ƙa'idar da ta hana masu samar da intanet fifita wasu shafuka a kan wasu an kafa ta a Amurka a 2015, an soke a 2017, an dawo da ita a 2024, kotu ta rushe ta a Janairun 2025. Mai shirin binne fayiba da zai yi shekara ashirin kafin ya mayar da kuɗinsa ba ya iya lissafi a irin wannan yanayi.

Gardamar da ke tafe ta fi duk waɗannan girma. Kamfanonin waya suna biyan kuɗin lasisi da na zango, suna ɗauke da wajibcin kiran gaggawa da na kai sabis karkara, alhali kira da saƙo sun koma WhatsApp da Telegram da ire-irensu waɗanda yawancin waɗannan wajibai ba su hau kansu ba. Ga kuma Starlink da ke sauko da intanet daga sama, yana tarar da dokokin lasisi da aka rubuta don mai kafa turaku a ƙasa. Kamfanonin wayar suna cewa ko dai a ɗora wa kowa kayan, ko a sauke musu. Wasu gwamnatocin sun zaɓi hanya ta uku mafi muni, kamar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da ta daɗe tana toshe kiran murya na WhatsApp. Ɗora wa manhaja lasisin da aka tsara don mai haƙa rami ya binne waya ba shi da ma'ana, kuma kaso mai yawa na takardun da kamfanonin ke kuka da su ya cancanci a sauke. Amma kiran gaggawa, da 'yancin mutum ya koma wani kamfanin da lambarsa, da wajibcin haɗa layi da abokin gasa, waɗannan suna kan kamfanin waya ne saboda shi ke riƙe da turakun da zangon da lambobin, kuma zuwan WhatsApp bai karɓe ko ɗaya daga cikinsu daga hannunsa ba.